Ranar da Na Zauna a Gaban Motar Gidanmu

Gaisuwa mai yawa ga Edita da masu karatu. Ni tsohuwa ce a Illela, na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara fito mini, don haka a yi mini afuwa in rubutun ya karkace. Abin da zan faɗa ya faru tun zamanin Turawa, lokacin da in mota ta shigo gari har makafi sai sun fito sun ji ƙararta. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa har yau muna gaisawa.

A lokacin ina matar ƙaramin ɗa a wani babban gidan fatake. Gishiri, fatu, goro da tufafi, duk suna ratsawa ta zaurenmu tsakanin Ƙonni ta ƙasar Faransa da Sakkwato. Wan mijina, wanda kowa ke kira Yaya, shi ne mai gida tun rasuwar mahaifinsu, maganarsa kuwa ba a mayar da ita. Mahaifiyarsu, Inna, ita ke riƙe da cikin gida. Ni kuwa mace ce mai tsananin kunya. Ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskar Yaya ba, in na ji takunsa a tsakar gida ɗaki nake faɗawa. Ina da ɗa namiji da ya fara wayo, da 'ya mace a goye. Da a ce an tara matan unguwarmu an ce a nuna wadda za ta tayar da hankalin gari, ni ce ta ƙarshe da za a nuna.

Da raƙuma da jakai gidan ya yi arziki, sai Yaya ya sayi kitika, wato motar nan mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen baya, daga hannun wani Baturen kamfanin fatu da zai koma ƙasarsu. Tsohuwa ce tun a hannun Baturen, amma a garinmu babu baƙar fatar da ke da irinta. Mijina aka tura Sakkwato ya koyo tuƙi. Tun daga nan gidanmu ya zama gidan masu mota. Ita ke kai kaya, ita ke kai mu suna da gaisuwar mutuwa, mu mata a baya an rufa mana tabarma a kan sanduna. Yaya yana son motar nan kamar ɗan cikinsa, kullum sai an goge ta an kuma kafa mata rumfar zana saboda rana.

Wata rana da ƙarshen damina muka tafi suna wajen Tozai. A hanyar dawowa akwai wani gangare da ke faɗawa cikin kwazazzabo. Muna cikin hira sai na ji motar tana ƙara gudu maimakon ta rage, sannan wani ƙauri ya cika mana hanci, irin na fata in ta faɗa wuta. Ta 'yar tagar da ke tsakaninmu da gidan direba na ga mijina ya miƙe daga kujera ya tsaya da dukan nauyinsa a kan birki, hannunsa ɗaya yana jan birkin hannu. Motar ba ta ko ji ba. Sai ya karkata ta ya faɗa cikin gonar gero, muka yi ta kwantar da kara har rairayi ya riƙe ƙafafun motar. Goshin ɗana ya bugi ƙarfe ya fashe. Mata suka yi ta salati, can kuma suka koma dariya, Yaya ya sauko yana yabon gwanintar ƙanensa, ya ba mai gona haƙuri. Ni abin da na gani daban ne. Da mijina ya sauko, sai ya zauna a kan kunyar gona ya kifa kai.

Washegari da hantsi na kai masa fura, na tambaye shi abin da ya ƙone. Ya so ya kauce, na nace. A ƙarshe ya gaya mini cewa a cikin kowace ƙafar mota akwai wasu lanƙwasassun ƙarafa da ke buɗewa su kama ta in an taka birki, a jikinsu kuma akwai wani abu mai kauri da Turawa ke maƙalawa. Namu ya cinye tun bara har ƙarfe na cin ƙarfe. Da ya ga haka sai ya sayo ƙirgin sa wajen dukawa, maƙeri ya buga masa shi da ƙusoshin jan ƙarfe. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yana kamawa, amma a gangare sai ya yi zafi ya ƙone ya koma santsi, in kuma ya jiƙe, sai dai addu'a. Bayan haka sandunan da ke jan birkin sun saki, wata ƙafa ta kama wata ta ƙi. Ya ce gyaran gaskiya shi ne a aika Kano a sayo abin Turawan, a kira makanike daga Sakkwato ya kwance ƙafafun duka ya daidaita su, motar kuwa ta tsaya har a gama. Na tambaye shi ko Yaya ya sani. Ya ce ya faɗa masa ba sau ɗaya ba. Amsar Yaya ita ce kaka ta zo, ba za a ajiye mota lokacin da kowa ke neman a kai masa kaya ba, kuma jakan da suka yi wa ubansu hidima ba su da birki, ba wanda ya mutu sai da kwanansa ya ƙare.

Ba a jima ba aka sa ranar bikin wasu 'yan'uwan Inna a Sakkwato. Aka ce gidan duka za a tafi a mota, mata da yara da kayan gudummawa, buhunan gero da tulunan man shanu. Na taɓa bin hanyar, na san abin da ke gabanta. Kafin a shiga birni hanya na gangarawa zuwa bakin gulbi inda ake jiran jirgin fito, gulbin kuwa a lokacin cike yake fal. A Tozai gonar gero ce ta tare mu. A can babu gona, ruwa ne.

Na bi duk hanyar da ta kamaci mace irina. Na roƙi mijina ya sake yi wa Yaya magana. Ya je ya dawo kansa a sunkuye, ya ce an tambaye shi ko tsoro ne ya kama shi a nemo wani direba. Na je na durƙusa gaban Inna na gaya mata abin da na ji. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce in ji tsoron Allah, bakin mace mai goyo ba ya kiran hatsari a kan tafiyar da ba a fara ba, kuma tun yaushe matan kulle suka san cikin ƙafar mota. Na ce to a bar ni da 'ya'yana a gida. Saƙo ya dawo daga zaure cewa ni in na ga dama in zauna, amma yaro ɗan gidan ne, da shi za a tafi, goyon ma Inna za ta so 'yan'uwanta su gan ta.

A zamanin ba da mabuɗi ake tayar da mota ba. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake sokawa a gabanta a murɗa har ta tashi, kuma a ɗakin mijina yake kwana. Ranar tafiya, da na fito ɗiban ruwan alwalar asuba, na ɗauke shi na sake shi cikin rijiyar gidanmu. Na ji ƙarar faɗawarsa, na yi alwala, na yi salla. Da gari ya waye aka ɗora kaya, mata suka hau, aka miƙa musu yara, har da ɗana da tsumma a goshi. Aka nemi ƙarfe aka rasa. Gida ya rikice, aka fara zargin masu aikin lodi. Ban bari a zalunci kowa ba, na gaya wa Inna ni ce, kuma yana cikin rijiya. Na zaci magana ta ƙare ke nan. Sai na jiyo muryar Yaya daga waje yana cewa a kira majiya ƙarfi a tura ta, ai tana tashi da turi, hukuncina kuwa sai an dawo.

Ban san lokacin da na yafa zane ba. Na ratsa tsakar gida, na ratsa zauren da ban taɓa ratsawa ba tare da izini ba tun da aka kawo ni, na fito ƙofar gida da 'yata a baya. Rabin unguwa na tsaye ana kallon masu mota za su tafi biki. Ƙofar gidanmu tana da ɗan gangare zuwa hanya. Na taka na je gaban motar, nesa kaɗan da ita, daidai inda za ta bi, na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa.

Yaya ya zagayo ya tsaya a kaina, ranar na fara ganin fuskarsa sosai.

"Ke, mi kike yi nan? Tashi ki koma ciki tun ban saɓa miki ba."

Na ce, "Yaya, Allah shi ba ka haƙuri. Ba ni tashi. Ku tura ta. In tana da birki, ai sai ta tsaya kahin ta kai gare ni."

Wani daga cikin 'yan kallo ya yi dariya, wani ya yi salati. Inna, wadda ta koma bayan mota, tana cewa a kama ni, iska ce ta buge ni. Amma ba namijin da zai taɓa matar wani a bainar jama'a. Yaya ya juya ga masu turi ya ce su tura, da na ga ta taho da kaina zan tashi. Ya dubi mijina, wanda ke zaune riƙe da sitiyari, ya ce in ya zo kusa da ni ya taka birki kowa ya gani, a huta da maganar. Mutanen suka dafa bayan motar. Na ji ƙafafunta sun fara murza tsakuwa. Ban kalli motar ba, mijina na kalla ta gilashi, shi ma ni yake kallo.

Sai ya leƙo da kai ya daka tsawa, shi da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. "Kak ku tura! Don Allah ku riƙe ta!"

Suka riƙe ta, wani ya cusa dutse ƙarƙashin ƙafa. Yaya ya ce masa, "Don mi?"

Ya ce, "Da wanga kaya ba ta tsayawa, Yaya. Ka sani ba ta tsayawa."

Kowa ya ji. Matan da ke bayan mota, waɗanda ɗazu ke zagina, su suka fara miƙo yaransu ƙasa, ba wanda ya ce su sauka. Yaya ya juya ya shige zaure.

Kafin azahar an kira mijina. Ban san abin da aka faɗa masa ba, na dai san ya shigo ɗakina ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce in tafi gidanmu ya sake ni. Ban yi kuka a gabansa ba. Na tambaye shi ko ƙarya na yi. Ya ce ban yi ƙarya ba, amma na tozarta wansa a gaban gari, kuma shi ba shi da wani gida sai wannan, ba shi da wata sana'a sai motar nan. Aka ɗora ni a kan jaki zuwa Lafani wajen iyayena, da 'yata a baya. Ɗana ya biyo mu da gudu har bakin hanya, aka kamo shi. Kukansa na wannan rana har yanzu yana cikin kunnena, ba abin da ya goge shi. Masu biki kuwa a kan raƙuma da jakai suka tafi, suka isa an watse.

Mahaifina manomi ne, ba mai yawan magana ba. Da na ba shi labari sai ya ce da ya fi so in nemi wata hanya, amma ya duba bai ga wata hanyar ba, in shiga ciki in sha ruwa. Mahaifiyata ita ce ta daɗe ba ta yafe mini ba, domin ko rijiya ta je sai an nuna ta ana cewa ga uwar mai zama gaban mota.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi ci mini rai. Tun da mijina ya faɗi gaskiya a gaban mutane, ba wanda ya ƙara yarda ya hau motar ko ya ba da kayansa. Dole ta sa Yaya ya aika Kano. Makanike ya zo daga Sakkwato, ya ɗora motar a kan kututturai, ya kwance ƙafafun duka, ya ɓamɓare ƙirgin da ya ƙone ya zama kamar gawayi, ya sa abin Turawan, ya ɗaure sandunan har ƙafafun suka riƙa kamawa tare. An ce da ya gwada ta a fili ya taka birki sai da ta ja layi a ƙasa. Daga nan motar ta yi shekaru tana zuwa Sakkwato tana dawowa, tana gangara bakin gulbi tana tsayawa cak. Ko kaza ba ta taɓa takawa ba. Sai mutane suka koma cewa, to ga motar da waccan ta kashe aurenta a kai, mi ta taɓa yi wa wani? Wato da a ce na yi shiru motar ta faɗa gulbi da mutum goma sha, da an ce Allah sarki, ashe ta faɗa ba a ji ba. Da yake ba wanda ya mutu, sai na zama mahaukaciya.

Kafin iddata ta cika mijina ya turo dattawa biko. Na yi murna, domin ina sonsa, kuma ɗana na can. Amma da sharaɗi suka zo. Sai na durƙusa gaban Yaya a tsakar gida, a gaban kowa, na ce ba a cikin hayyacina na yi abin da na yi ba, iskoki ne suka hau ni, kuma motar ba ta da laifi. Suka ce magana ce kawai ta baki, in faɗa a wuce wurin. Na ce musu zan durƙusa in ba Yaya haƙuri kan fitar da na yi ba izini, da kan ƙarfen da na jefa rijiya, domin babba ne kuma na ɓata masa rai. Amma ba zan ce iska ce ba, ni ce, da hankalina. Ba kuma zan ce motar tana da birki ba alhali ba ta da shi. Suka koma, suka dawo, Yaya ya ce ko duka ko babu. Na ce to babu.

Na biya kuɗin wannan kalma da abin da ya fi komai tsada a wurina. Da aka yaye 'yata aka zo aka karɓe ta. Ɗana ya girma a hannun Inna, ana gaya masa uwarsa ta zaɓi taurin kai ta bar shi. Na yi wani aure a Darna, na haifi wasu, na zauna lafiya, amma na yi shekaru ina ganin 'ya'yana na fari sai dai a wurin suna ko makoki, muna gaisawa kamar baƙi. Wannan ciwo ban warke daga gare shi ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa ban taɓa zama na yi tunanin da na faɗi abin da suke so ba. Na yi tunanin, sau da yawa. Kullum amsa ɗaya nake samu. Da na faɗa, da 'ya'yana sun tashi suna ganin uwarsu kullum, amma uwar da ta rantse a tsakar gida cewa ita mahaukaciya ce.

Ɗana bai fahimce ni ba sai da ya zama magidanci ya sayi motar kansa. Ranar ya zo Darna da kansa, ya ce ya zo ya kai ni in ga gidansa. Ya buɗe mini ƙofa. Na ce ba zan shiga ba sai ya ja ta can ya taho da gudu ya taka birki na gani. Ransa ya ɓaci, ya ce sabuwa ce dal. Na ce ko daga sama ta sauko. Ya tsaya yana kallona, sai ya shiga ya ja ta, ya taho, ya taka, ta tsaya a gabana ƙura ta tashi. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya ce mahaifinsa kafin ya rasu ya gaya masa cewa duk wanda ke bayan kitikar nan ranar bikin, ni ce sanadin da Allah ya yi ya ga tsufansa, amma shi bai taɓa samun ƙarfin zuciyar faɗa a gaban Yaya ba. Na ce masa Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya faɗi gaskiya ranar da ta fi wuyar faɗa, wannan ya ishe ni. Sannan na shiga motar.

Yanzu motoci sun cika gari, kusan kowane gida da tasa. Ina ganin magidanci ya sayi sabon fenti da kujeru masu laushi, amma in ya taka birki sai ka ji ƙarfe na kuka, ya ce sai wata ya yi. Ina ganin ana cusa mata da yara a tafi biki a motar da direbanta ya san halin da take ciki. Ku maza, ajali gaskiya ne, amma ba a ce ku ɗauki 'ya'yan mutane ku kai masa ba. In makanike ya ce a canza, a canza, a sa na gaske ba na jabu ba, mota ta tsaya har a gama, bikin ya wuce in zai wuce. Ku kuma mata, in kun ji ƙauri ko ƙara, ko kun ga ƙafar maigida tana nutsewa har ƙasa motar ba ta tsaya ba, ku yi magana. Ba na yi muku alkawarin za a gode muku. Ni saki aka ba ni, da suna marar daɗi da ya bi ni har tsufa. In an ji maganarku ba abin da zai faru, kuma saboda ba abin da ya faru za a ce kun cika fitina. Ku karɓi sunan.

Har yau akwai masu cewa ya kamata in nemi gafarar gidan can kafin in mutu. Na yafe wa Yaya, na yafe wa Inna, ina yi musu addu'a. Amma in da za a mayar da ni wannan safiya, da ƙuruciyata da goyona da sanin duk abin da zan rasa, wallahi a daidai wurin nan zan sake zama.